Kada A Ajiye Wa Ɓarawo Tsani A Tsakar Gida

A wannan mako ina so in ja hankalinmu zuwa ga wani al'amari wanda ido ba ya ganinsa, amma kuwa kuɗinmu da sunayenmu da asirin gidajenmu suna rataye da shi dare da rana.

Duk lokacin da ɗayanmu ya danna wayarsa ya aika wa tsohuwarsa kuɗin cefane, ko ya yi wa ɗansa rajistar jarrabawa, ko ya yanki tikitin jirgi, to ba wayar ce ta yi aikin ba. Ita 'yar aike ce kurum. Ainihin aikin yana gudana ne a cikin wata kwamfuta da ke can wani ɗaki mai sanyi, ko a Legas ko a wata ƙasa ta ƙetare, wadda ba ta barci, ba ta kuma hutun ƙarshen mako. Irin wannan kwamfuta ita ce ma'aikatan fannin suke kira saba. Idan ɓarawo ya sami shiga cikinta, ba mutum ɗaya zai yi wa sata ba, dubbai zai kwashe a dare guda, ba tare da ya fasa ko da ƙyauren taga ba.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa shi ne, kwanakin baya na kai wa wani ƙanena ziyara, wanda sana'arsa ita ce rubuta manhaja. Na iske shi ya yi tagumi a gaban kwamfutarsa, yana jiran wani kaya da yake turawa ta intanet ya gama tafiya, ga layin yana tafiyar hawainiya. Na tambaye shi ko mene ne mai nauyi haka. Ya ce, "Yaya, wani ƙunshin kwantena ne na gada daga wanda ya riga ni a wurin aikin nan. Manhajar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba, amma an ɗora mata kayan gari guda." Na ce to ai sai haƙuri, tun da dai a ƙarshe zai isa. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ba nauyin ne ya dame ni ba, Yaya. Abin da ke hana ni barci shi ne ban san abin da ke cikin kayan ba, kuma duk abin da ke ciki, ranar da ɓarawo ya shigo, nasa ne."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, shi ya sa na bi diddiginta, ga kuma abin da na samo.

MECE CE KWANTENA A CIKIN KWAMFUTA?

Duk wanda ya taɓa bi ta hanyar Apapa ya san kwantena ta ƙarfe. Asalinta kuwa, ran 26 ga Afrilu 1956 ne wani Ba'amurke mai harkar manyan motoci, Malcom McLean, ya loda akwatuna 58 a jirgin ruwa mai suna Ideal X, daga Newark zuwa Houston. Hikimar ita ce a rufe kaya cikin akwati mai awo ɗaya, yadda jirgi da mota da jirgin ƙasa duk za su iya ɗaukarsa ba tare da an kwance an sake ɗaurewa ba.

Masu rubuta manhaja su ma suna da irin wannan matsala. Mutum zai rubuta manhaja ta yi aiki sumul a kwamfutarsa, amma da an kai ta saba sai ta ƙi tashi, domin wani ɗan abin da take dogara da shi babu shi a can, ko kuwa akwai shi amma na wata shekara ne dabam. Maganin da aka samo shi ne a ɗaure manhajar tare da duk abin da take bukata a wuri ɗaya, a kuma killace ta yadda ba za ta ga maƙwabtanta ba. Tunanin killacewar tsoho ne, domin tun 1979 tsarin Unix yake da wata dabara mai kama da haka. Amma sai a watan Maris 2013, sa'ad da Solomon Hykes ya fito da Docker, abin ya zama mai sauƙi ga kowa. A 2014 kamfanin Google ya fito da Kubernetes, watau manhajar da ke kiwon ɗaruruwan kwantenoni a lokaci guda, daga nan kuwa sai hanyar ta game duniya.

A nan akwai abu biyu da ya kamata a rarrabe. Akwai ƙunshi, wanda masu sana'ar suke kira imej, akwai kuma ita kwantenar. Mu 'yan jarida mun san misalin wannan sarai. Ƙunshi kamar farantin nan ne da ake ɗora wa injin buga jarida, kwantena kuwa kamar kofen jaridar ne da ke fitowa. Faranti ɗaya ne, amma kofe dubbai ne. Idan kuskure ya hau faranti, to kowane kofe zai fito da shi, daga na farko har na ƙarshe. Saboda haka duk wanda yake son kwantenarsa ta tsira, wurin haɗa ƙunshi zai sa ido, tun kafin injin ya fara juyawa.

TSANI DA GATARI

Shi ƙunshi ba kasafai ake fara shi daga ƙasa ba. Akan je wata babbar ma'ajiya ta intanet, mafi shahara ita ce Docker Hub, a ɗauko wani ƙunshi da wasu suka riga suka haɗa, a mai da shi harsashi, sa'an nan a ɗora manhajar a kansa. To a nan gizo ke saƙar. Mai sauri yakan ɗauko harsashi mafi cika, domin kada ya nemi wani abu ya rasa. Cikakken harsashin da masu aiki da Node suke ɗauka, alal misali, yakan kai wajen gigabait 1, watau megabait 1,000. Na Ubuntu, wanda ba a ɗora masa kome ba tukuna, yana tsakanin megabait 70 da 80.

Me ke cikin wannan nauyi? Akwai manhajar karɓar umarni, wadda ake kira shel, wadda duk wanda ya riƙe ta zai iya ba kwamfuta umarni yadda ya ga dama. Akwai manhajar sauko da wasu manhajoji daga intanet. Akwai na'urar harhaɗa sabuwar manhaja. Akwai ɗaruruwan ƙananan kayayyaki waɗanda manhajar banki ko ta makaranta ba za ta taɓa waiwayarsu ba har ta tsufa.

Mai karatu ya ɗauka ɓarawo ya sami wata 'yar kafa a jikin katanga ya zura jiki ya faɗo tsakar gida. In ya iske tsakar gidan fayau, ƙofofi a kulle, hannunsa kuma babu kome, to aikinsa ya yi wuya. In kuwa ya iske mai gida ya jingine tsani a bango, ga gatari, ga guduma, ga igiya, ga ma waya da zai kira abokansa, ai sai godiya. Haka masu kutse suke yi. Abu na farko da sukan nema bayan sun shiga shi ne shel, na biyu kuwa shi ne abin da za su sauko da kayan aikinsu da shi. Wanda ya bar waɗannan a cikin ƙunshinsa, shi ya jingine wa ɓarawo tsani.

Ban da haka, kowane kaya da aka ɗauka yana iya zuwa da tasa ɓarakar. A watan Satumba 2014 aka gano wata ɓaraka a cikin Bash, wadda ita ce shel mafi yaɗuwa a kwamfutocin Linux. Aka sa mata suna Shellshock. Da aka bincika sai aka tarar tun 1989 take nan, watau ta shekara 25 a kwance ba wanda ya lura. Cikin 'yan sa'o'i da bayyana labarin masu kutse suka bazama neman sabobin da za su afka wa. Darasin a fili yake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gwargwadon yawan bangon da mutum ya gina, gwargwadon yawan tsagar da zai yi gadi. Abin da ba ka ɗauka ba, ba ya bukatar faci, ba ya kuma zama makami a hannun wani.

YADDA AKE RAGE KAYA

Hanya ta farko ita ce wadda kowane magini ya sani. Ana bukatar tsani da shebur da kwanon kwaɓa siminti a lokacin gini, amma ranar da za a miƙa wa mai gida mabuɗi, magini yakan kwashe kayansa ya tafi da su. Tun 2017 Docker ya ba da damar yin gini hawa biyu. A hawa na farko ana amfani da cikakken harsashi mai dukkan kayan aiki a harhaɗa manhajar. A hawa na biyu sai a ɗauko wani harsashi ɗan mitsitsi, a kwafo masa gamammiyar manhajar ita kaɗai, a watsar da na farkon. Abin da zai tafi saba shi ne na biyun.

Hanya ta biyu ita ce zaɓen harsashi. Akwai Alpine Linux, wanda ƙunshinsa bai kai megabait 10 ba. Akwai jerin da Google ya fitar mai suna Distroless, wanda babu shel a cikinsa, babu kuma manhajar sauko da kaya, mafi ƙanƙantarsu wajen megabait 2 ne. Sa'an nan akwai wanda ake kira scratch, wanda shi fanko ne, babu kome a cikinsa ko kaɗan. Manhajar da aka rubuta da harshen Go ana iya harhaɗa ta ta zama dunƙule guda mai tsayawa da ƙafarta, a sa ta a cikin wannan fanko ta yi aiki.

Gaskiya ɗaya ce, wannan hanya tana da wahalarta, kuma bai kamata a ɓoye ba. Wanda ya fara da fanko dole ya tuna ya sa takardun shaidar da manhaja ke gane amintattun sabobi da su, da jadawalin lokutan ƙasashe, in ba haka ba zai ga abin mamaki. Shi kuma Alpine, tubalin da aka gina shi da shi, mai suna musl, ya bambanta da glibc wanda yawancin manhajojin Linux suka saba da shi, saboda haka wasu sukan yi gardama a kansa. Babbar wahalar kuma ita ce ranar da manhaja ta lalace da tsakar dare, injiniya ya so ya leƙa ciki, ya tarar babu shel da zai shiga da ita. Da yawa saboda wannan dalili suke barin tsanin a jingine. Amma an riga an sami mafita, domin Kubernetes yana ba da damar a kawo wata kwantena ta wucin gadi mai ɗauke da kayan gyara, a jingina ta da mai ciwon, in an gama a janye ta. Watau makaniki ya zo da akwatin kayansa, ya kuma koma da abinsa.

MABUƊI A ƘARƘASHIN TABARMA

Akwai wani kuskure da ya fi yawan kaya muni, shi ne barin mabuɗi a cikin ƙunshi. Manhaja tana bukatar kalmar sirri domin ta shiga rumbun bayanai, mai gaggawa kuma sai ya rubuta kalmar a cikin ƙunshi, da niyyar zai goge daga baya. Abin da bai sani ba shi ne, ƙunshi shimfiɗa ne a kan shimfiɗa. Kowane umarni da aka bayar wajen haɗa shi yana zama shimfiɗa guda, kuma ta sama ba ta shafe ta ƙasa, rufe ta kawai take yi. Wanda ya sa mabuɗi a shimfiɗa ta uku ya ce ya goge shi a ta huɗu, kamar wanda ya ajiye mabuɗi a ƙasa ne ya shimfiɗa tabarma a kai. Duk wanda ya ɗaga tabarmar zai gan shi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Afrilu 2021 kamfanin Codecov na Amurka, wanda dubban masu rubuta manhaja ke amfani da kayansa, ya ba da sanarwar cewa masu kutse sun zaro wani mabuɗinsa saboda kuskuren da aka yi wajen haɗa ƙunshinsa na Docker. Da wannan mabuɗi suka sauya wata manhajar da abokan cinikinsa ke saukewa, tun daga 31 ga Janairu, suna kwasar asiran mutane wata biyu cur kafin a farga. A 2023 kuma masu bincike na Jami'ar RWTH da ke Aachen a Jamus sun duba ƙunshi fiye da 337,000, suka tarar kashi 8.5 cikin 100 suna ɗauke da irin waɗannan asirai. Ƙa'idar dai ita ce, ba a ɗaure mabuɗi a cikin kaya. Ana miƙa wa kwantena shi ne a lokacin da za ta fara aiki, daga wata ma'ajiya ta dabam wadda ake iya sauya abin da ke cikinta a kowane lokaci.

BA KOWANE BAƘO AKE BA ƊAKIN MAI GIDA BA

A tsarin Linux akwai wani matsayi da ake kira rut, wanda shi ne mai gida, ba a hana shi kome. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, in ba a faɗa wa Docker wani abu dabam ba, to da wannan matsayi yake tayar da manhaja a cikin kwantena. Ga shi kuwa kwantenonin da ke kan saba ɗaya duk zuciyar tsari ɗaya suke amfani da ita, kamar 'yan haya ne da ke gida ɗaya, kowa da ɗakinsa, amma harsashi da rufi na kowa ne.

A watan Fabrairu 2019 aka bayyana wata ɓaraka a cikin runc, watau ɗan injin da ke tayar da kwantenoni a ƙarƙashin Docker da Kubernetes. Ta wannan ɓaraka, wanda yake da matsayin mai gida a cikin kwantena yana iya tsallake katanga ya mallake sabar gaba ɗaya, har da ɗakunan maƙwabta. Waɗanda suka tayar da manhajarsu da ƙaramin matsayi kuwa, hanyar ba ta buɗe a kansu ba. Layi ɗaya tak ake ƙarawa a takardar haɗa ƙunshi domin a yi wannan. Haka kuma ana iya kulle kwantena yadda za a iya karanta abin da ke cikinta amma ba za a iya rubuta sabon abu ba, don ko ɓarawo ya shigo ya rasa inda zai ajiye jakarsa.

ƘANƘANTA KAƊAI BA TA ISA BA

Kada mai karatu ya ɗauka da zarar ƙunshi ya ƙanƙance shi ke nan an tsira. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A watan Mayu 2019 masu bincike na Cisco Talos suka bayyana cewa ƙunshin Alpine ɗin nan da ake yabo, tun daga Disamba 2015 yake fita da matsayin mai gida babu kalmar sirri. Abin lura a nan shi ne, haɗarin ya fi shafar waɗanda suka ƙara wa ƙunshin wasu manhajojin shiga da kalmar sirri, waɗanda suka bar shi yadda yake kuwa ba su da ƙofar da za a bi. Duk da haka ya nuna cewa ƙaramin kaya ma sai an kwance an duba.

Na biyu, a san daga hannun wa aka karɓi harsashi. Docker Hub kasuwa ce, kowa yana iya baje kolinsa. A 2018 an cire wasu ƙunshi 17 daga can, waɗanda aka sauke su wajen sau miliyan 5, bayan an gano an cusa musu manhajar da ke satar ƙarfin kwamfutar mutane tana haƙo wa wasu kuɗin intanet na Monero. Wanda ya ɗauki harsashi don kawai sunansa ya yi kama da abin da yake nema, ya yi wa rogo kallon kitse.

Ko amintaccen kaya ma yana iya zuwa da guba. A ƙarshen Maris 2024 wani injiniya Bajamushe da ke aiki da Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi sawu sai ya gano an dasa ƙofar sirri a cikin xz, wata 'yar manhajar matse bayanai da ke cikin kusan kowane Linux. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. An yi sa'a an kama abin kafin ya yaɗu. Amma a watan Agusta 2025 kamfanin bincike na Binarly ya ba da labarin cewa har a lokacin akwai wasu tsofaffin ƙunshi a Docker Hub da ke ɗauke da wannan guba. Ƙunshi ba ya warkewa da kansa. Yadda aka ɗaure shi haka zai zauna, sai an sake haɗa sabo.

Wannan ya kawo mu ga abu na uku, wanda ƙanen nan nawa ya ce yana hana shi barci, watau sanin abin da ke ciki. A watan Disamba 2021 aka gano ɓarakar Log4Shell a cikin Log4j, wani ɗan kayan da manhajojin Java masu ɗimbin yawa ke amfani da shi wajen rubuta abin da ya gudana. An ba ta maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari. Ƙanƙantar harsashi ba ta ceci kowa ba a wannan karo, domin cutar tana cikin jikin manhajar ne. Abin da ya raba masu barci da masu kwana a ofis shi ne, wasu suna da jerin duk abin da ke cikin kowane ƙunshi nasu, suka duba suka san inda za su sa faci, wasu kuwa suka yi makonni suna lalube. Rashin sani ya fi dare duhu. Tun a watan Mayu na wannan shekara ta 2021 shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya sa hannu a umarni mai lamba 14028, wanda a cikinsa aka nemi a riƙa samar da irin wannan jeri ga manhajar da gwamnatinsu ke saya. Akwai kuma manhajoji na kyauta, irin su Trivy da Grype, masu kwance ƙunshi su faɗi ɓarakar da aka sani a cikinsa. A nan ma ƙanƙanta tana da rana, domin jerin kaya ashirin ana iya karanta shi a gyara, jerin kaya ɗari takwas kuwa sai a gaji a rufe ido.

Na huɗu, kowane ƙunshi yana da wata doguwar lamba da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, kamar zanen yatsa, wadda in an taɓa ko da harafi ɗaya sai ta sauya. Mai hankali da wannan lamba yake kiran harsashinsa, ba da laƙabin "na baya-bayan nan" ba, wanda yau yana nufin wani abu gobe wani. Shi ma kutsen Codecov, wani abokin ciniki ne ya tona shi, da ya gwada irin wannan lamba ya ga ba ta dace ba.

INA RUWANMU?

Wani zai ce wannan ai maganar injiniyoyi ce. To amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 2017 an sace bayanan mutane wajen miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka. Ko da yake ba a kwantena abin ya faru ba, cutar iri ɗaya ce, domin facin ɓarakar ya fito tun watan Maris, ba a sa shi a inda ya kamata ba, ɓarayi suka shiga a watan Mayu suka yi ta ɗiba har ƙarshen Yuli. A 2019 kamfanin ya amince da biyan diyya da tara da za su iya kai dala miliyan 700. Mutanen da aka kwashi bayanansu kuwa ba su san sunan manhajar da ta jawo musu ba.

Mu ma a nan gida mun miƙa lambar BVN da ta NIN da hoton fuska da zanen yatsa ga bankuna da kamfanoni da hukumomi. Kalmar sirri in ta fita ana sauya ta, amma zanen yatsa fa? A watan Yuni 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma wajabta wa mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da mutane. Wanda bai san abin da ke cikin ƙunshinsa ba, me zai faɗa cikin kwana uku? Ga kuma maganar aljihu, domin hayar saba a ƙasashen waje galibi da dala ake biya, kuma kowane megabait na banza da ake ajiyewa ko ake turawa, kuɗi ne da lokaci.

Saboda haka ina kira ga shugabannin bankuna da kamfanoni da ma'aikatun gwamnati, ko da ba su taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja ba, su riƙa yi wa injiniyoyinsu da 'yan kwangilarsu tambaya biyar. Me ke cikin ƙunshinmu, ina jerinsa? Daga hannun wa muka karɓi harsashinsa? Akwai shel ko mabuɗi a ciki? Da wane matsayi manhajar take aiki? Yaushe rabon da a sake haɗa shi? In aka yi shiru ko aka fara kame-kame, to akwai gyara. In kuma injiniya ya nemi mako guda domin ya rage kaya, kada a ce masa ɓata lokaci ne don ba a ga sabon abu a fuskar waya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina kuma kira ga jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, su koya wa ɗalibai ragewa kamar yadda suke koya musu ƙarawa. Yaro ya saba tun yana aji cewa aikinsa bai kammala ba don kawai manhaja ta tashi, sai ya iya faɗin dalilin zaman kowane abu da ya bari a cikin ƙunshinsa.

Shi dai ƙanen nan nawa, da na sake komawa wurinsa, na tarar ya sake haɗa ƙunshin da gini hawa biyu, ya cire shel, ya kuma sauke manhajar daga matsayin mai gida. A cikin kwance tsohon kayan ne ya ci karo da wata kalmar sirri da aka bari a wata shimfiɗa ta ƙasa, wadda har a ranar tana buɗe rumbun bayanan wurin aikinsu. A daren suka sauya ta.